Farfesa A-Sake da Rabin Ƙwayar Magani

Haihuwa da asali

An haifi marigayiya, wadda abokan aiki da ɗalibai suka fi sani da laƙabin Farfesa A-Sake, ranar Laraba, 14 ga Maris, 1951, a wani ƙaramin gari da ke bakin layin dogo. Wasu jawaban da aka gabatar bayan rasuwarta sun ambaci 1950, amma wannan kuskure ne, domin mahaifinta, wanda mai gyaran agogo ne, ya rubuta ranar har da sa'ar, ƙarfe goma saura minti bakwai na safe, a cikin murfin wani agogon bango da yake nan har yau. Mahaifiyarta mai ɗinki ce. Ita ce auta cikin 'ya'ya biyar, kuma babban wanta, wanda take kira Yaya shi kuma yake kiranta Auta, ya girme ta da shekara bakwai. Shi ne ya gaji shagon mahaifinsu, kuma shi ne ya fara liƙa mata gilashin aikin agogo a ido tana shekara shida, ta dubi ɗigon ruwan randa, ta ga 'yan halittu suna yawo a ciki, ta ƙi shan ruwan gidan har kwana biyu.

Neman ilimi

Ta shiga firamare a 1958, ta wuce sakandaren 'yan mata a 1965, sannan ta sami gurbi a jami'a a 1971, inda ta karanta ilimin ƙananan halittu, wato waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Ta kammala digirin farko a 1974, na biyu a 1978, na digirgir kuma a 1984, kuma duk binciken nata ya ta'allaƙa ne ga bairos, wato ƙanƙanuwar halittar da ke haddasa ciwon hanta. A wannan zamani ne laƙabinta ya samo asali, domin ba a taɓa kawo mata sakamakon gwaji, komai kyansa, ba ta ce “a sake” ba. An ruwaito cewa malamin da ya duba kundinta ya ce ita kaɗai ce ɗalibar da ta taɓa roƙonsa ya jinkirta sa hannu.

Aure da iyali

A watan Agusta na 1977 ta auri wani malamin lissafi na sakandare, mutum mai barkwanci, wanda ya sha faɗa a gaban baƙi cewa babbar sa'arsa a duniya ita ce ranar ɗaurin aurensu amarya ba ta cikin masu magana, da ta ce a sake. Allah ya albarkace su da 'ya'ya huɗu tsakanin 1979 da 1988. Sun zauna a gidajen ma'aikata, hawa na biyu, inda dokar gidan ɗaya ce tak: firijin kicin na abinci ne, duk abin da ke cikin kwalba mai lamba ya tsaya a wurin aiki.

Aiki da bincike

Ta kama aiki a cibiyar bincike ta asibitin koyarwa a watan Oktoba na 1978. Ɗakin gwajinta na farko tsohon ɗakin ajiya ne a ƙarshen baranda, mai taga ɗaya da teburin siminti da firiza mai ƙarar da ake ji daga ofishin darakta. A nan ta shafe shekara ashirin tana tattara samfurin jinin masu ciwon hanta, tana liƙa wa kowace kwalba lamba da hannunta. Ta zama farfesa a 1996.

A 1999 asibitin ya fara ba masu wannan ciwo wani magani da ake haɗiya ƙwaya ɗaya kullum, kuma aka ɗora mata alhakin bibiyar mutum ɗari biyu da goma da ke shan sa. Cikinsu har da Yaya, wanda aka gano yana ɗauke da ciwon a 2000. Da farko al'amura sun yi kyau matuƙa, bairos ya kwanta a jinin kusan kowa. Amma zuwa ƙarshen 2003 sai ya sake tasowa a jinin mutum sittin da uku, kuma gwaji ya nuna ya bijire wa maganin, wato maganin ya daina yi masa komai. An san irin haka na faruwa sannu a hankali, amma wannan adadi ya zarce abin da ake tsammani nesa ba kusa ba. Kwalba mai lamba 148, wadda ke cikin sittin da ukun, ta Yaya ce.

Magani ɗaya ne kawai ya rage a hannun likitoci a lokacin. Idan aka ba Yaya shi ba tare da an san musabbabin lalacewar na farko ba, kuma shi ma ya bi sahu, to babu na uku, hantarsa kuwa ta riga ta fara taurara.

Al'amarin rabin ƙwaya

Abokan aikinta sun tabbata cewa wani sabon nau'in bairos ne ya ɓulla, har suka tsara maƙalar da za a aika wa mujalla da sunanta a sama. Ta karanta, ta yaba da rubutun, ta ce a sake. Aka auna ƙarfin maganin da ke kantin asibiti, aka same shi lafiya lau. Aka tuhumi firizar, aka wanke ta daga zargi. Aka tambayi majinyata ɗaya bayan ɗaya ko suna shan magani kullum, kowa ya rantse yana sha, kuma daga bisani ta tabbata babu wanda ya yi ƙarya. Sai a watan Maris na 2004 ta sa aka auna yawan maganin da ke cikin jininsu, aka tarar a wurin mafi yawansu bai wuce rabin abin da ya kamata ba.

Ranar Asabar, 17 ga Afrilu, 2004, da misalin ƙarfe takwas saura kwata na safe, ta sauka a shagon Yaya ba tare da ta aika ba. Ta same shi da gilashi a ido, ya kama ƙwayar magani da hantsaki, yana raba ta biyu da ɗan zarton aikinsa, rabo mai kyau wanda ko injin kamfani sai haka. A gefensa kuma maƙwabcinsa mai aski, amininsa na shekara talatin, yana zaune da kofin ruwa yana jira. Maigidanta, wanda ya tuƙo ta, ya adana abin da aka faɗa a wurin.

“Yaya, me nake gani haka?”

“Auta, ko sallama babu? Rabonsa nake cire masa. Irin ciwona gare shi, idonsa ma ya fi nawa rawaya.”

“Tun yaushe?”

“Shekara uku cif ran goma ga watan jiya. Kuma ba mu taɓa saɓa lokaci ba, ƙarfe takwas daidai. Tambayi agogunan nan.”

“Me ya hana shi zuwa asibiti?”

Mai aski ya sunkuyar da kai ya ce, “Ranki ya daɗe, allura. Ni da nake wasa da reza a wuyan mutane, in na ga allura sai gwiwata ta sage.”

“Ke ma dai,” in ji Yaya, “ta yaya zan haɗiye abu sukutum maƙwabcina na kallo? Haka aka tarbiyyantar da mu?”

Farfesa ta zauna a kan benci ta yi dariya har da hawaye, sannan ta bayyana musu cewa rabin magani ba ya kashe bairos, horar da shi yake yi, kamar yadda ake saba wa yaro da ruwan sanyi kaɗan-kaɗan. Ta ƙara da cewa alherin da Yaya ya yi ya ƙone musu maganin farko su biyun, kuma idan ya kusanci na biyu da zarto, to ya tanadi mai gadon shago. A ranar aka sa mai aski a mota, Yaya ya riƙe masa hannu aka ɗebi jininsa, yana salati da ƙarfi.

Ranar Litinin ta janye maƙalar, ta kuma canja tambayar da ake yi wa majinyata. Maimakon “Kana shan maganinka?” sai aka koma cewa “Kai da wa kuke sha?”, tare da alkawarin cewa ba za a yi wa kowa faɗa ba, kuma duk wanda aka ambata za a gwada shi a buɗe masa nasa katin. Cikin sittin da ukun, arba'in da ɗaya suka ambaci wani: miji, ƙanwa, suruka, abokin sana'a. Wata dattijuwa ta ambaci mutum uku. Sakamakon ya fito a mujalla a 2006, bayan an sake shi sau biyu, kuma har ta bar aiki akwai wata kwalba a kan teburinta cike da rabi-rabin ƙwayoyin da majinyata suka sallama.

Shekarun ƙarshe

Ta yi ritaya a 2016, bayan ta yaye masu digirin digirgir goma sha tara. Ta ci gaba da zuwa cibiyar duk ranar Alhamis, tana zama a bayan ɗakin taro, kuma an shaida cewa masu gabatar da sakamako sukan fara duban inda take kafin su dubi allo. Zarton Yaya kuwa, wanda ta ƙwace tun ranar da abin ya faru, ta ƙi mayar masa duk da roƙon da yake yi kowace shekara.

Rasuwa

Allah ya yi mata rasuwa ranar Talata, 9 ga Nuwamba, 2021, bayan gajeriyar jinya, tana da shekara saba'in, kuma aka yi jana'izarta da yammacin ranar a maƙabartar da iyayenta suke. Ta bar mijinta da 'ya'ya huɗu: babbarsu likitar haƙori ce, mai bi mata injiniyan gada, na uku malamin lissafi kamar mahaifinsa, autar kuma tana aiki a ɗakin gwajin da mahaifiyarta ta kafa, sai jikoki goma sha ɗaya. Ta kuma bar wanta, mai shekara saba'in da bakwai, wanda ya tsaya a sahun gaba da ƙafafunsa, mai aski na gefensa. A cikin wasiyyarta ta yi umarni a mayar masa da zartonsa, bisa sharaɗin cewa agogo kaɗai zai taɓa. Har zuwa lokacin rubuta wannan tarihi, idan agogunan shagon suka buga ƙarfe takwas na safe, dattawan biyu sukan ɗauki kofunansu, kowa ya haɗiye tasa ƙwayar ɗungurungum. Allah ya jiƙanta da rahama, amin.