Sunan Yarinyar Gado na Tara

Ina tsaye a ɗakin wanki na asibiti ranar Talata da hantsi, na riƙe bakin zanin gado ina neman wadda za ta kama mini ɗaya bakin, sai wayata ta yi ƙara. Babbar 'yar aminiyata ce. Ko sallama ba ta yi ba, ta ce, "Inna, Goggo ta tafi." Na ce, "Ta tafi ina, ita da ko tsakar gida ba ta iya takawa?" Sai na ji kukan ƙannenta a bayanta. Na ajiye wayar a kan tebur, na ninke zanin ni kaɗai, ya fito a karkace. Na warware na sake, ya sake fitowa a karkace.

Goggon Bokiti, haka yaran asibiti suka sa mata, sunan ya bi ta har gida, 'ya'yan cikinta ma Goggo suke ce mata. Shekara ashirin da biyu muna aiki wuri ɗaya, ni a wanki, ita a shara da goge-goge. Mijinta ya rasu ya bar ta da yara uku a ɗaki biyu, bayan wani garejin gyaran mota, inda ƙarar guduma ba ta barin mutum ya ji abin da ake faɗa masa. Karatunta bai wuce aji huɗu ba. Ni take kira Uwar Kumfa, wai duk inda na zauna sai na bar warin sabulu.

Abin da ta sani, ta san sunaye. Duk yaron da aka kwantar a ɗakin yara, sai ta tambayi uwarsa sunansa da ma'anarsa. In uwar ba ta sani ba, Goggo za ta bi malamai da tsofaffi masu zuwa dubiya har ta samo, ta dawo ta gaya wa yaron. Daga nan sai ta nemo kalmomi uku ko huɗu masu ƙarewa kamar sunan, ta jera su, ta yi masa 'yar waƙa tasa shi kaɗai. Ba ta taɓa rubuta ko ɗaya ba, duk suna kanta. Kuma tana da ƙa'ida: ba ta kallon yaro in tana yi masa. Ƙasa take kallo tana jan tsumma, kamar da siminti take magana. Ta ce mini yaro marar lafiya ya gaji da idanun manya, kowa ya zo sai ya zuba masa ido kafin ya soka masa allura. In kana son ka san ko ya ji ka, ka saci kallon yatsun ƙafarsa.

Shekara goma sha ɗaya ke nan da aka yi wani haɗarin babbar motar fasinja a bayan gari. Aka rarraba mutane asibitoci har huɗu. Mu aka kawo mana wata yarinya da ba za ta wuce shekara huɗu ba, an aske mata kai an ɗinke, fuskarta ta kumbura har ido ɗaya ya rufe. Aka kwantar da ita a gado na tara. A saman fayil ɗinta, wurin suna, aka bar fili. Kwana uku ba ta ce uffan ba, ko kuka ba ta yi.

Goggo ta kasa jure filin nan. Kullum in ta zo gado na tara sai ta rage sauri, ta fara jero waƙoƙin da ta tara tun da ta kama aiki, suna bayan suna, tana goge wuri ɗaya har ya yi ƙyalli. A rana ta uku da safe ta zo kan wata da ta yi wa wata yarinya shekarun baya:

Kyauta, 'yar sarauta,
ba kya bauta,
sai dai cin gauta.

Yatsun ƙafar yarinyar suka lanƙwashe a ƙarƙashin mayafi. Goggo ta wuce zuwa wasu sunaye, ba motsi. Ta dawo kan Kyauta, suka sake lanƙwashewa.

Ta gaya wa nas ɗin da ke aiki. Nas ta yi dariya ta ce, "Goggo, sauro ne ya cije ta." Da azahar muna cin abinci a bakin ɗakin wanki ta gaya mini. Na ce, "Kin tabbata?" Ta ce, "Ina fa na tabbata, Uwar Kumfa. Yatsu ne kawai. Amma sunan nan ba a sa wa yaro shi a banza. Sai wanda aka daɗe ana jira, aka fid da rai, sannan Allah ya bayar. Duk inda masu yarinyar nan suke, ba su zauna ba."

Bayan la'asar na ɗauki zannuwa masu tsabta na kai ɗakin yara. Na tarar da wani mutum dogo a gado na tara, rigarsa duk ƙura, idanunsa jajur. Birkila ne, shekara biyu yana aikin gini a wani gari mai nisa. Matarsa ta taso da 'yarsu su zo wurinsa, motar ta faɗi da su. Kwana ɗaya kafin nan ya ga gawar matar. Rabonsa da 'yarsa tun tana tatata. Ya nuna wa Babbar Sista, shugabar ɗakin, hoto a wayarsa: yarinya mai kumatu, hasken fatarta ɗaya da na wannan, shekaru sun yi daidai. Ya tsuguna yana shafa hannun yarinyar yana cewa, "Sakina. Sakinata. Abba ne." Duk wanda ke ɗakin ya yi hawaye. Likita, wani matashi da bai daɗe da zuwa ba, ya ce ɗinkin ya kama, za a iya ci gaba da wanke ciwon a gida. Sista ta ɗauko fayil ta cike filin nan da biro, ta miƙa wa mutumin ya sa hannu. Ya ce mota na jiransa a waje, yau zai koma.

Goggo na tsaye da sandar goge ƙasa. Ta ce, "Ranki ya daɗe, yarinyar nan ba sunanta ke nan ba."

Sista ba ta ko waiwayo ba. "Goggo, je ki ƙarasa baranda."

"Ya kira ta sau bakwai, na ƙirga. Ƙafarta ba ta motsa ba."

"Ƙafa? Yarinyar da ba ta amsa wa kowa? Ke likita ce ko mai shara?"

Mutumin ya naɗe yarinyar a mayafi ya saɓa ta a kafaɗa. Ita kuwa ta yi lamo kamar 'yar tsana. Ya nufi ƙofa. Goggo ta riga shi. Makullin ɗakin kullum yana rataye a ƙusa bayan ƙofar. Ta rufe, ta murɗa sau biyu, ta zare shi, ta jefa a cikin bokitinta na ruwan datti. Duk muka ji faɗawarsa.

Yara goma sha biyu ne a kwance, wasu da robar ƙarin ruwa a hannu, ga iyayensu mata. Kulle ɗakin marasa lafiya ba ƙaramin laifi ba ne, ita ma ta sani. Sista ta ce, "Kin haukace? Ciro makullin nan!" Ta ɗaga waya ta kira masu gadi. Mutumin ya matso har numfashinsa na taɓa fuskar Goggo, ya ce, "Baiwar Allah, jiya na binne matata. Ita kaɗai ta rage mini. Me na yi miki?"

Goggo ta ce, "Ba ka yi mini komai ba, ɗana. In taka ce, ni da kaina zan raka ka mota, in ajiye aikin nan. Amma in ba taka ba ce fa? In ka tafi da wannan, wa zai nemi Sakina?"

Likita ya ce, "A ba ta minti biyu."

Aka mayar da yarinyar kan gado. Kowa ya kewaye ta. Goggo ta tsaya a gabanta ta yi waƙar, tana kallonta ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba. Yarinyar ta ƙura wa silin ido. Na duba ƙafarta, ko gezau. Goggo ta sake yi. Masu gadi suka iso suna dukan ƙofa. Sista ta ce, "To, kin gani? Kin ƙona mana rai a banza." Ni kaina na ce a zuciyata shi ke nan, sauro ne.

Sai Goggo ta dube ni ta ce, "Uwar Kumfa, tare mini su." Ban san inda na samo ƙarfin hali ba. Na warware babban zanin gado, wata uwa ta kama mini ɗaya bakin, muka ɗaga shi tsakanin gadon da mutane. Goggo ta tsoma tsumma a bokiti, ta matse, ta juya wa yarinyar baya, ta fara goge ƙasa a hankali kamar kowace safiya. Ta fara da sunan yaron gado na takwas, ta yi na yarinyar gado na goma. Ana ta dukan ƙofa. Sannan, can ƙasa-ƙasa, ta ce wa siminti, "Kyauta, 'yar sarauta, ba kya bauta, sai dai cin gauta."

Wata 'yar murya a dishe ta ce, "Ni ba na cin gauta. Da ɗaci."

Hannuna ya saki zanin. Goggo ba ta waiwaya ba, ta ci gaba da gugarta ta ce, "Au, wace ce ba ta ci?"

"Kyauta mana."

"To wa ke ci a gidanku?"

"Kaka. Ba ta da haƙori ma."

Mutumin ya zame ya zauna a ƙasa, ya haɗa kai da gwiwa. Ba zan manta da sautin da ya fito daga ƙirjinsa ba. Goggo ta zura hannu a bokiti ta ciro makullin, ta goge shi da gefen zaninta, ta miƙa wa Sista da hannu biyu. Da aka buɗe ƙofa mutumin ya tashi ya fita bai dubi kowa ba. Goggo ta bi shi har baranda tana gaya masa sauran asibitoci uku da aka kai mutane. Ban sani ba ko ya ji.

Aka soke abin da aka rubuta a fayil, aka sa sunan gaskiya, aka ba da cigiya a rediyo. Kwana biyu bayan haka wata tsohuwa marar haƙori ta shigo tana dogara sanda, tun daga ƙofa take kiran sunan. Uwar yarinyar tana wani asibitin da karaya, shekara tara ta yi da aure kafin ta same ta.

Ita kuwa Goggo an dakatar da ita mako biyu. Da ta dawo aka mayar da ita wankin ban-ɗakuna a ɓangaren masu zuwa ganin likita su koma gida, aka ce kada a ƙara ganinta a ɗakin yara. Ba ta yi musu ba. Ta ce ai da gaske ta kulle yara, da ɗaya ya shiɗe a lokacin fa? Shekara goma sha ɗaya ta yi a can. In na kai zannuwa ɗakin yara, sai in kwaso mata sunayen sababbin kwanciya, ta haɗa waƙar muna cin abinci, in koma in yi musu da wannan muryar tawa ta kwaɗo. Ta ce ina ɓata mata sana'a.

Abu ɗaya ne bai bar ta ba. Ba mu taɓa jin labarin birkilan nan ba. Ta tambayi direbobin motar asibiti, ta tambayi masu shara na sauran wuraren, kowa da abin da yake faɗa. Duk dogon mutumin da ya shigo da yarinya sai ta tsaya da aiki ta bi su da kallo.

Ranar Lahadin da ta wuce na je duba ta. Ciwon ƙoda ya cinye ta, ƙafafunta sun kumbura, ana ta buga guduma a garejin nan. Ta sa na matso da kunnena. Ta ce tun ranar ta nemo ma'anar sunan Sakina, natsuwa ce da kwanciyar rai, kuma ta haɗa waƙar ta ajiye, ko birkilan zai dawo da 'yarsa. Ta ce in riƙe mata:

Sakina, zo ɗakina,
sunanki na bakina,
ko ina kan aikina.

Ta sa na maimaita sau uku. Ta ce, "Kin ja ta da yawa, ba wa'azi ba ne. In ya zo, kada ki kalle ta. Ki kalli ƙasa."

Na ce, "Goggo, shekara goma sha ɗaya fa. In tana raye ai ta zama budurwa."

"Budurwa ba ta da yatsun ƙafa?"

"To in bai zo ba?"

Ta lumshe ido ta ce, "Sai ki yi wa wata Sakinar, Uwar Kumfa. Ai za a kawo."