Mode Mai Jakai da Tukwanen Matan Birni

Mode mutumin Kwalkwalawa ne, manomi ɗan manomi. Shekarar da Nasara suka ci Sakkwato yana sabon aure, yana da gonar gero da jakai biyu da ya gada wurin mahaifinsa. Da rani yakan ɗora musu albasa ko ƙasar gini ya kai birni, ya dawo kafin la'asar. Mutum ne marar yawan magana, kuma bai cika ɗaga wa dabba sanda ba.

Bayan 'yan shekaru Turawa suka ce kowane hakimi ya bar birni, ya koma ƙasar da yake riƙo ya zauna. Hakimi kuwa ba ya tashi shi kaɗai. Akwai alƙali, da malamai, da barori, kowa da iyalinsa. Duk lungun da Mode ya bi sai ya tarar ana ɗaure kaya. Ya koma gida ya ce wa matarsa Hasana shi kam ya bar dakon albasa, kwasar kayan masu ƙaura zai shiga.

Aiki irin wannan sai ta hannun dillali, don ba wanda zai danƙa wa baƙon fuska kayan gidansa. Mode ya je rumfar Tambari, babban dillalin masu dako a kasuwa. Tambari ya zagaya jakan, ya dube su sama da ƙasa.

Ya ce, "Malam, wanga kaya na manya ne, sai raƙumi. Amma zamna, in an samu ƙarami ni kira ka."

Mode ya yi ta zama. Wani lokaci a ba shi taikin hatsi ya kai unguwar Gidan Igwai, wani lokaci ya wuni yana korar wa jakansa ƙuda.

A nan wata dattijuwa ta lura da shi. Sunanta Rahmatu, dillaliya ce daga Ƙofar Taramniya, mai shiga gidajen kulle da zannuwa da tasoshi. Babu gidan da zai tashi ba ta riga kowa sani ba.

Ta tsaya kansa ta ce, "Ɗana, kana iya ɗaukar abin da ke fashewa?"

Ya ce, "Kamar mi, Inna?"

"Tukwane, randuna, ƙoren jere. Maza na ɗaure littattafansu da sirdi bisa raƙumi, su ce mata su sayi wasu tukwane can. Wadda ta matsa a ɗora mata, kafin a isa sun zama sakaina. Jakinka gajere ne, tafiyarsa a hankali. Je ka koya, ka dawo."

Mode ya koya da tukwanen matarsa. Ya zuba ƙaiƙayi a mangala, ya cusa tsumma tsakanin tukunya da tukunya, ya kora jaki ya zagaya gona. Ran farko ya fasa tukunyar miya, Hasana ta ce in ya sake taɓa mata kaya to ya shirya cin tuwo gaya. Amma ita ce ta zauna ta saƙa masa ragar kaba mai riƙe randa ta gefe biyu.

Aikin farko da Rahmatu ta samo masa na gidan Malam Ladan ne, wanda aka tura alƙalanci wani gari a ƙetaren gulbi. Raƙuma suka yi gaba da kayan Malam. Mode ya biyo baya da na mata, tare da ayarin iyali. Cikinsu akwai mahaifiyar Malam, Inna Juwairiyya, wadda tun da aka haife ta ba ta taɓa kwana bayan ganuwa ba.

A mafitar gulbi aka sauke kaya, aka shiga jera su cikin jirgi. Tsohuwar ta zauna kan tabarma ta juya wa ruwa baya, tana kallon hanyar birni. Mode ya ɗauko babbar randarta ya rungume, zai shiga da ita.

Ta ce, "Kai mai jakai, in mutum ya je can, ana dawowa?"

Ya ce, "Ni dai gobe ina hanya, Inna. Jakai ba su dawowa da kowa sai iska."

Ta miƙe ta shiga jirgin. Aka isa lafiya. Murfin tukunya ɗaya ne ya tsage, Mode ya kai wa mai shi ya nuna mata tun kafin ta gani.

Da kaka ta yi, Inna Juwairiyya ta aiko a kira shi. Ta ce ruwan garin bai karɓe ta ba, kuma ɗanta ya yarda ta koma ɗakinta. Mode ya shimfiɗa mata bargo bisa jaki, ya ɗora randar a ɗayan, suka kamo hanya. Da suka hango ganuwa ta ce a tsaya, ta sauka, ta ƙarasa da ƙafarta.

Daga nan ya gane cewa masu ƙaura ba su gama tafiya. Wannan za ta zo wankan jego, waccan za ta kai kayan ɗiyarta, wani yana aiko wa tsofaffinsa gero. Rahmatu na kawo labari, shi yana kora jakai, in an sallame shi ya kai mata la'adarta har gida. Jakansa suka yawaita, har Tambari ya fara aiko masa da aiki.

Ya yi sana'ar har gwiwa ta gaza. Lokacin motoci sun fara shigowa, amma ba su bin ƙananan hanyoyi, don haka aiki bai yanke ba. Ya rasu a Kwalkwalawa, shekarar da gulbi ya cinye shinkafa. 'Ya'yansa suka raba jakan. Gidaɗo ya ci gaba da dako, Haruna ya sayar da nasa ya koma fadama.