Injiniya da Famfon Kicin

Injiniya ake ce masa a layinsu, ko da yake masinja ya yi a wani ofis har ya yi ritaya. A gidansa ya samo sunan. Tun da suka tare shi da matarsa, mai gyara bai taɓa taka ƙofarsu ba. In durowa ta cije, sai ya goga mata busasshen sabulu a gefe. In ramin sukuru ya yi faɗi, ya cusa tsinken ashana biyu ya sake ɗaurewa. Ƙofa kuwa da ta fara kuka zai ɗiga mata man keken ɗinki. Kowace Asabar da hantsi yakan zaga gidan ɗaki ɗaki, don kada ƙananan ayyuka su taru su cinye masa wuni.

Da ya manyanta sai yanar ido ta fito masa a idon hagu. Likita ya ce a yi aiki da wuri, in ba haka ba idon zai tafi, kuma bayan aikin sati shida ba sunkuyo, ba ɗaukar nauyi. Sau biyu 'yarsa tana karɓo masa rana, sau biyu yana fasawa.

"Baba, gidan nan ba zai rushe a sati shida ba," in ji ta.

"Ke ba ki san famfon bayan gida ba. Mamanku kuma ko yadda ake riƙe sifana ba ta sani ba."

Matar tana gefe tana ninke wanki, ba ta ɗago ba.

An ba shi rana ta uku, Juma'a, ya kuma riga ya ƙudura a ransa ba zai je ba. Ranar Laraba famfon kicin ya fara ɗiga. Ya rufe ruwan daga waje, ya kwance kan famfon, ya ciro robar da ta cinye. Sabuwar da ya ajiye ta suɓuce masa ta faɗi ƙasa. Ya durƙusa yana lalube a siminti, ya daɗe bai same ta ba.

"Malam, ɗan matsa."

Matarsa ce, riƙe da tsohon silifas da almakashi. Ta yanko roba daidai faɗin wadda ta cinye, ta huda tsakiyarta da ƙusa, ta sa, ta ɗaure. Ta fita ta buɗe ruwan. Ko ɗigo babu.

"Wa ya koya miki?"

"Shekara talatin ina riƙe maka tocila. Ka ɗauka bango nake kallo?" Ta goge hannu a gefen zaninta. "Na bayan gidan ma tun bara ni nake sake ɗaure shi in ka fita. A karkace kake sa shi yanzu."

"Kuma ba ki faɗa ba."

"Ka tambaya?"

Ya buɗe famfon ya rufe har sau uku, yana neman abin da zai kushe.

"Kin matse shi da yawa," ya ce.

"To."

Ya jawo kujera bakin ƙofar kicin ya zauna, ya kasa kunne ko zai ji ɗigo. Ita kuwa ta ci gaba da wanke-wankenta. Can ya ce ta miƙo masa waya, ta kuma latsa masa lambar yarinyar nan, don rubutun ya yi masa ƙanana. Da ta ɗauka bai tsaya doguwar gaisuwa ba.

"Juma'ar nan ƙarfe nawa suka ce?"