Kwandunan Malam a Kife

Da sunan Allah nake farawa. Ni ce Hajara, matar marigayi Malam mai kwando na Abakpa a Inugu. Ban iya riƙe alƙalami ba, surukata Maryam ce ke rubutawa ina faɗa, saboda 'yan'uwana na Gumel da suka ji na yi doguwar tafiya ina fita daga takaba, suka aiko suna tambayar abin da ya yi zafi. To ga shi.

Malam ya bar kwanduna huɗu, su ne aikin hannunsa na ƙarshe. Jikata Ummi, ɗiyar ɗana Sani, sana'arta ƙawata wurin biki a Fatakwal. Da ta zo ta'aziyya ta roƙi ubanta, ya ba ta, ba a tambaye ni ba. Bayan nan aka nuna min hotonsu a waya, rataye a rufin wani ɗakin biki, baki ƙasa. Ku a gida ba za ku gane ba. A layin masu albasa na Anacha inda Malam ya yi zaman kasuwa, ba a kife kwandon mutum sai ranar da ya mutu. Shi kansa ko yaro ya gani ya kife kwando sai ya tashi ya miƙar da shi. Na ce sai na je na karɓo kayana da hannuna.

Daga Abakpa zuwa Anacha

Na fito ranar Laraba bayan sallar asuba, gari bai waye ba, don nan ranar Litinin zaman gida ake yi dole, ba a tafiya. Sani ya sa ni a keke mai ƙafa uku zuwa tasha yana ta magiya: "Inna, ki bari a gama bikin, ni zan karɓo miki." Na ce wanda ya bayar ba shi ake aika karɓowa ba.

Na shiga bas ta Anacha, don in fara biya wa Alhaji Buba, aminin Malam, ya ba ni gaskiya. Muna fita gari mata suka yi wa motar caa da okpa mai zafi, wani abu ne kamar alale amma na gurjiya. Malam ba ya wuce wurin nan bai saya min ba. Na saya, na buɗe ganyen, na kasa ci. Wata Inyamura da ke gefena ta ga ina share ido, ta dafa ni ta ce, "Mama, ndo." Sannu ke nan da yarensu. Rabi na ba ta, ta cinye mana.

Shingen jami'ai kuwa na daina ƙirgawa. A ɗaya aka sauke mu duka muka taka. Wani soja ya dube ni ya ce, "Baba tsohuwa, ina zuwa?" Ashe ɗan Azare ne. Na ce, "Faɗa zan je yi da jikata." Ya yi dariya ya ce Allah ya ba mai gaskiya sa'a.

Kasuwar Ose

Da hantsi na sauka Anacha, na hau okada, acaɓarsu, ina salati har Ose. Kogin Kwara na nan yadda na bar shi, faɗinsa sai ka ce ba shi da ɗaya gaɓar. Warin albasa da barkono ya tarye ni tun daga bakin kasuwa, sai na ji kamar rigar Malam aka miƙo min.

Alhaji Buba ya taso, muka gaisa gaisuwar manya, ya yi min ta'aziyya sabuwa. Ya kai ni gindin rumfar da Malam ke zama in ya kawo kaya. Ga kwando nan a kife, an ɗora dutse a kai, ba wanda ya zauna a wurin. Na zauna a ƙasa na yi kukana a gaban maza, ban ji kunya ba.

Da na nuna masa hoton ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Hajara, yaran nan ba su san abin ba. Amma wa ya koya mata rataye kwando a sama?"

Na ce, "Wai wasu masu sana'a ne na ƙasar Ailan, can Turai."

Wani Inyamuri mai barkono da ke jin Hausa ya sa baki: "Ailan? Ai limaman cocin da suka koyar da ubana daga can suke. Ruwan samansu ya fi na Fatakwal, in ji su." Alhaji ya ce, "To masu ruwa me suka sani da shanya albasa?" Aka yi dariya. Na kwana wajen iyalinsa, aka yi min tuwon shinkafa da miyar kuka.

Hanyar Fatakwal

Washegari Alhaji ya haɗa ni da direban da ya sani, ta hanyar Owerri. Direban surutu gare shi, rabi Hausa rabi Turancin kasuwa. "Mama, no fear, yau za ki ga teku." Ban ga teku ba, amma na ga kwakwar manja har inda ido ya ƙare, na ga gadoji a kan gadoji da motoci ke bi ta saman kawunan mutane. Ruwa ya tsuge tun kafin mu shiga gari. Da azahar Ummi ta tarye ni da lema.

"Kaka, sannu da hanya. Kin rame."

"Ba ramata ta kawo ni ba. Ina kayan mijina?"

Ta sunkuyar da kai. Ta ce gobe ne bikin, na ɗan wani babban dillalin shanu, kuma shi ne aiki mai girma na farko da aka ba ta ita kaɗai. In na sauke kwandunan, tsakiyar ɗakin zai zama fayau, ba kuma wanda zai sake kiranta. Na ce sai dai ya zama fayau. Ta ce to in ci abinci tukun. Ta sayo gasasshiyar ayaba da kifi, na ci don yunwa ba ta san fushi ba.

Ina ci ta matso da wayarta. "Kaka, ki ga mutanen da kike zagi tun daga Inugu."

Jama'a, na ga abin mamaki. Wani tsoho ne fari fat, gashi kamar auduga, a bakin wani ruwa mai toka-toka, iska na kaɗa rigarsa. Ya ɗauko tsumagu dogaye masu laushi ya riƙa kafa su a ƙasa, a jere, kamar mai dashen rogo. Sai ya durƙusa ya fara saƙa daga ƙasa yana yin sama. Na ce, "Wannan shinge yake yi?" Ummi ta ce in jira. Da ya kai ƙugunsa sai ya tanƙwaso tsumagun ya rufe sama, ya kama abin ya tumɓuke shi daga ƙasa, ya juya. Kwando! Ashe tun farko bakin ne a ƙasa, gindin ya saƙa a ƙarshe. Na ce a maimaita min. Hannuwansa duk jijiya, babban yatsa ya karkace, irin na Malam sak. Ummi ta ce da irinsa suke ɗora wa jaki wata baƙar ƙasa da suke haƙa su shanya, su yi girki da ita kamar itace. Ƙasa fa! Allah mai iko.

Ta nuna min wata mata kuma mai ɗaure irin tsumagun ta lulluɓe da takarda, ta sa fitila a ciki, mutanen gari su ɗauka su zaga da su ranar bikinsu. Ita ce ma ke amsa wa Ummi tambaya ta waya, ta ce mata kada ta sayo kayan roba, ta duba abin da hannun mutanenta ke yi. Akwai kuma tsofaffin mata masu saƙa farin zare da ƙugiya, siriri kamar saƙar gizo, da wasu maza da ke zuwa gidan biki da hular kara har wuya. Waɗannan na ce Allah ya shirye su.

Na ce, "Na gani, sun iya. A can kife kwando farkon aiki ne. A wurinmu ƙarshen mutum ne. Tashi mu je."

Ɗakin bikin

Da la'asar muka shiga. Ɗaki ne da zai ci unguwarmu. Ga su can sama, su huɗu, a kife. Na gane su kamar yadda ake gane ɗa a cikin taro. Na ce a kawo tsani. Ummi ba ta yi musu ba, idonta ya cika, ta ce wa ma'aikatan su kawo. Mai haɗa wutar ya ce, "Madam, bari in gwada layin kafin a sauke, kada ya ja mutum." Aka ja labule, aka kashe manyan fitilu, ya kunna na cikin kwandunan.

Maryam, rubuta wannan a hankali.

Haske ya fito ta idanun saƙar, waɗanda Malam ke bari don albasa ta sha iska. Ya zubo a bango, a tebura, a ƙasa, a kan zanena da bayan hannuna, ƙanana ƙanana kamar an watsa gero na zinariya. Ɗakin duka ya zama cikin kwando, mu kuma muna ciki.

Ni kuwa na san hasken nan. Tun muna ɗaki ɗaya, ba lantarki, duk kwandon da Malam ya gama sai ya ɗaga shi ya kifa a kan fitilar ƙwai, ya dubi bango ya ga ko idanun sun daidaita. Sai ya ce, "Hajara, duba min wancan gefen." In na ce ya yi, ya miƙar da shi ya ajiye. Shekara da shekaru ina duba masa, amma tun da ya rasu kwandon Ose kawai nake gani da dutse a kai. Na manta shi ma yana kifewa, kuma ni yake kira in ya kife.

Na zaga ɗakin ina duba bango ɗaya bayan ɗaya, ina kuka. Waɗannan huɗun bai samu ya gwada su ba, ciwo ya riga shi. Babu ido ɗaya da ya kauce.

Mai tsani ya ce, "Mama, in hau?"

Na ce, "Mayar da shi. Ya yi." Wannan "ya yi" ɗin ba da mai tsani nake ba, da Malam nake.

Ummi ta rungume ni har ta kusa kayar da ni. Na ce, "Sake ni, ja'ira. Ki gaya wa matar nan ta Ailan ina gaishe ta, ta gaishe min da tsohon in ta san shi. Kuma gobe duk wanda ya tambaya, ki faɗi sunan wanda ya saƙa." Ta faɗa kuwa, da lasifika. Na ji da kunnena, aka yi masa addu'a, ɗaki ya amsa da amin.

Komawa gida

Ranar Asabar na kamo hanya ta Aba, kai tsaye zuwa Inugu. Uku na bar wa Ummi ta ci gaba da aiki, ɗaya na riƙo a cinyata. Yaron mota ya so ya ɗaure shi a sama, na ce sai dai ya ɗaure ni tare. Na iso Abakpa ana kiran magariba. Sani ya tarye ni yana satar kallon fuskata, na miƙa masa kwandon na ce ya nemo ƙusa da ƙwan lantarki.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa Alhaji Buba da iyalinsa, da Maryam da hannunta ya gaji. Ku kuma na Gumel, ku sa Malam a addu'a. Kewarsa ba ta ragu ba, kada in yi muku ƙarya. Amma kwandon na nan rataye a kife a ɗakina, in an kunna, hasken na sauka daidai kan tabarmar da yake zama.