Ɗan Kunnen Raliya

Allah ya jiƙan Sambo. Manomin dawa ne a Abu Na'ama ta ƙasar Sudan, mai hannu kamar faranti, mai dariyar da ake ji daga bakin kogi. Shekarar da aka fara ginin madatsar ruwa ta Rusairis, ya ji ana cewa akwai zinariya cikin yashin ƙoramun kudu. Sai ya yi wa ɗiyarsa Raliya alkawari a gaban mutane, cewa ranar aurenta za ta sa ɗan kunnen da ubanta ya wanko da hannunsa.

Da rani ya tafi da jaki, ya dawo da buhunan yashi. Bai tambayi kowa yadda ake wankewa ba, don a ganinsa duk wanda ya tashi gidan da ake dama koko ya san tata. Ya ari ƙyallen matarsa Mairama, ya dama yashin da ruwa, ya tace, ya bar ruwan ya kwanta, ya tsiyaye a hankali kamar mai fitar da gasara. Abin da ya kwanta a ƙwarya shi yake shanyawa yana tattali. Tsakin da ya rage a ƙyalle kuwa, bayan ɗaki yake watsa wa kaji, yadda ake yi da dusa.

Haka rani ya ƙare. Shi da kansa yake cewa duk Sudan ba wanda ya kai shi tara laka mai tsabta.

Maganar aure ta taso, Raliya ta daina tambaya, wannan shirun kuwa ya fi komai yi masa ciwo. Ana nan baƙi suka zo sa rana, Mairama ta gyara kaza. Tana tsaga ƙundu ta ga wani abu ja yana ƙyalli, bai kai ƙwayar dawa ba. Ta kai masa a tafin hannu.

"Malam, ga ma'aikaciyarka ta kawo nata."

Sambo ya daɗe yana kallo. Ashe mai nauyin a ƙyalle yake tsayawa, shi kuma yana zubarwa. Ya so a yanka sauran kajin, Mairama ta ce sai dai ya bi ta kanta. Sai ya kankare ƙasar bayan ɗaki, ya wanke a akushi, wannan karon yana zubar da laka yana riƙe na ƙasa. Abin da ya samu, wani maƙeri a garin Sinja ya ce ɗan kunne ɗaya zai yi, shi ma ƙarami.

Ya kai wa Raliya ɗan kunnen, kansa a ƙasa. "Ɗiyata, ɗayan yana cikin kajin uwarki."

Raliya ta sa shi a kunnen dama, ta ƙi aron na kowa a hagu, haka aka kai ta ɗaki.

Har ya tsufa, in yara suka kira shi mai zinariya, sai ya ce a'a, shi yaron kaza ne. Ranar da muka dawo daga rufe shi, Raliya tana zaune a ƙofar ɗakinsa, kunnen hagu ba kome, tana ta juya na daman da yatsa.