Likitar da Ta Tsayar Mana da Jini

Ranar Talata, huɗu ga watan Maris, Allah ya karɓi ran Dakta Rosalind Pettifer a gidanta da ke Adelaide, bayan wata jinya da ba ta bari kowa a garinmu ya sani ba. Bev, nas ɗin asibitinmu na Ceduna, ita ta buga mini waya da hantsi, na sauke yara a makaranta ke nan. Na ajiye bas ɗin makarantar da nake tuƙawa a gefen titi, na zauna ina kallon gonakin alkama da aka riga aka girbe, kawalwalniya tana rawa a kansu kamar ruwa.

Likita, har yanzu idan na ji ƙarar ƙaramin jirgi sai in ɗaga kai. Haka kike zuwar mana duk wata, inuwar jirginki ta ratsa farin tafkin gishiri kafin ki sauko da tsohuwar jakarki da hular kaba. Mu matan karkara mun saba da shiru. Ke kika zo kika yi ta tambaya har muka buɗe baki.

Lokacin da na fara zuwa wurinki, jinin al'ada ya kusa ƙarar da ni. Idan ya zo ba ya ɗaukewa da wuri, yana zuba kamar an buɗe famfo. Nakan shimfiɗa tawul a kujerar direba, ba na sa farin kaya, na daina shiga teku. Wata rana, da 'ya'yan mutane cike a bayana, na ga hanya ta rabu biyu, duniya ta yi fari. Allah ya sa na taka birki. An gaya mini ba makawa sai an cire mahaifar a birni, in yi makonni a kwance. Ga mijina Des da ciwon baya, ga tumaki, ga aikin da nake tsoron rasawa. Sai na ci gaba da haƙuri.

Kika ja fatar idona ƙasa, kika duba, kika girgiza kai. "Noelene, wannan ba haƙuri ba ne, taurin kai ne. Da tunkiyarki ce ke zubar da jini haka, da tuni kin kira likitan dabbobi."

Kika zana mini mahaifa a bayan ambulan ɗin wasiƙa. Kika ce akwai wata siririyar na'ura da ake shigarwa ta hanyar da jariri ke fitowa, ta ƙona shimfiɗar cikin mahaifa, wadda ita ce ke zubar da jinin. Ba yanka, ba ɗinki, a ranar zan koma gida. Ba ki ɓoye mini komai ba: kin ce wasu yakan ɗauke musu gaba ɗaya, wasu ya ragu kawai, wasu kuma sai an sake dubawa, kuma bayan aikin ɗaukar ciki haɗari ne. Saboda haka ne kika ƙi yi wa ƙanwata Raelene, da kika ga yadda take kallon jariran mutane a layin jira. Ta yi fushi da ke sosai. Kin ba ta magani, kin ce ta dawo idan zuciyarta ta gama shawara. Yau 'yarta tana cikin yaran da nake ɗauka.

Ranar aikina, da za a yi mini allurar barci, kin riƙe hannuna kina tambayata inda na fi so a duniya. Na ce bakin gaɓa, inda mahaifiyata ta koya mini iyo. Sai ga ni a can. Ruwan yana da ɗumi, kore shar, tsuntsayen teku suna tafiya a kansa ba sa nitsewa, wata murya tana kirana daga nesa. Da na buɗe ido, Bev ce tsaye da shayi da biskit, Des a bakin ƙofa yana murza hularsa. Ya tambaye ki ko zan iya girki da yamma. Kika dube shi ta saman tabarau. "Malam Des, ai hannuwanka ban taɓa su ba."

Kafin damina ta zagayo, ƙarfina ya dawo. Na sayi farin wando, na sa shi zuwa coci, mata suka yi ta dariya domin sun gane. A cikinsu akwai masu sayar da kifi, malaman makaranta, da matan da ke zuwa daga ƙauyukan da ke can cikin hamada, waɗanda kike zama da su a ƙarƙashin bishiya sai sun yarda da kansu kafin su shiga ɗaki. Ba ki taɓa sa kowa gaggawa ba, ko da matuƙin jirgi yana ta duba agogo.

Allah ya jiƙanki, Likita. Ya gafarta kurakuranki, ya sanyaya makwancinki, ya saka miki da hutu madawwami gwargwadon wahalar da kika ɗauke wa bayinsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga 'yarki Tamsin da jikokinki, da Bev da ta yi aiki a gefenki tun tana budurwa. Kai kuma Graeme, maigidanta, ba mu taɓa ganin fuskarka ba, amma duk wata mukan raba ka da matarka, ka ci abinci kai kaɗai domin mu. Ka yafe mana. Allah ya ba ka haƙurin rashinta.

Noelene Haskett
Ceduna