Shekara Tara Ina Riƙe Wa Kyaftin Wutsiya

Mijin ƙanwata mai gyaran keken ɗinki ne, amma in ka shiga layinsu kana cigiyar mai gyaran keke, kallonka kawai za a yi. Ka ce Kyaftin, kowa zai nuna maka shagon. Mutumin nan ko ƙofar filin jirgi bai sani ba. Sunan ya samo shi ne daga ƙananan jiragen da yake ƙerawa, tsawonsu bai wuce hannu ba, injinsu kamar babban yatsa. Siraran wayoyi biyu ake ɗaura musu, masu tsawon taku ashirin. Sai mutum ya tsaya a tsakiyar fili da mariƙi a hannu, jirgi na zagaya shi, shi ma yana juyawa. Ya ɗaga hannu jirgi ya yi sama, ya sauke ya yo ƙasa.

Tun yana saurayi ya tsinci injin farko a aljihun teburin wani tsohon keke da aka kawo gyara. Mai keken ya ce ya riƙe. Daga ranar shagon ya rabu biyu: gaba kekunan mutane na jiran layi, bayan labule gam da fenti da katako mara nauyi. Ba shi da surutu, ba shi da faɗa, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Ko hanyar da za ka bi ka tsane shi bai bari ba.

Ni kafinta ne, kuma a wannan harka aikina ɗaya: riƙe wutsiya. Duk Asabar da yamma, a filin bayan tsohon sito, zai ta da inji ya ruga tsakiya, ni ina durƙushe na danne jirgi, baƙin mai na fesar mini riga. Ya ɗaga hannu, in saki. Shi ke nan, an gama da ni. Shekara tara ana tafa masa. Ƙofofin rabin unguwar ni na yi su, ban taɓa ganin wanda ya tafa wa ƙofa ba. Har matata, muna hanyar gida, sai ta ce, "Hannun Kyaftin dai akwai baiwa." In ce, "Gadon da kike kwana a kai daga sama ya faɗo?"

Abin da nake so bai da yawa: sau ɗaya in tsaya a tsakiyar filin nan, da jirgin da na yi da hannuna, shi yana durƙushe.

Rannan ya kawo mini jirginsa in yi masa akwati. Yana fita na ja ƙofa na ɗauko tef ɗin awo. Abin da na gani sai da na zauna don dariya. Fiffiken hagu ya fi na dama tsawo da yatsa biyu. A ƙarshen na dama an cusa guntun dalma. Wutsiya kuma a karkace. Wannan ne Kyaftin ɗin? Ni da in ƙafar tebur ta fi 'yar'uwarta da kaurin farce ba na barin shi ya fita shago!

Mako shida na yi ina ƙera nawa jirgin a ɓoye. Inji na karɓa a wurinsa da sunan zan gwada wani abu. Fukafukai daidai wa daida, wutsiya ɗoɗar, babu dalma, babu kwaskwarima. Na shafa masa jan fenti har kana ganin fuskarka.

Ranar Asabar na yaye zane a gaban kowa. Kyaftin ya daɗe yana shafa shi.

"Yaya, wallahi ya fi nawa kyau." Ya ɗora shi a kan yatsu biyu, sai fuskarsa ta canza. "Ina dalmar?"

"Dalma ta masu ɓoye kuskure ce."

"Yaya, ba ni minti biyar in..."

"Kai dai riƙe wutsiya. Ko sai na koya maka?"

Ya durƙusa. Daɗin da na ji da na hango shi a ƙasa, mai na fesar masa riga, ko ranar aurena ban ji irinsa ba. Na ɗaga hannu a hankali, kamar mai sallamar jama'a.

Rabin zagaye jirgin ya yi. Sai na ji wayoyin sun saki a hannuna, laƙwas. Na ɗaga, na sauke, babu abin da ya amsa. Jirgin ya karkato fiffike, ya juyo hanci, ya nufo ni. Na yar da mariƙi na zura da gudu, takalmi ɗaya ya tsaya a baya. Daidai inda nake tsaye ya caki ƙasa, tim!

Ƙanwata ta riƙe ciki. "Yaya, ashe jirgin ya san mai shi!"

Kyaftin bai yi dariya ba, wanda ya fi dariyar ciwo. Yana tsintar ɓaraguzai yana bayani a hankali. Wai wayoyin suna da nauyi, suna jan fiffiken ciki, wato na hagu, shi ya sa ake ƙara masa tsawo a kuma sa dalma a ɗaya gefen. Wutsiyar kuma da gangan ake karkatar da ita, don jirgi ya riƙa ja waje, waya ta tsaya a miƙe.

"Me ya hana ka faɗa mini tun tuni?"

"Ba ka taɓa tambaya ba, Yaya."

A shagona muka gyara shi. Da hannuna na rage fiffiken dama, raina na ƙuna, tef ɗina na kallona. Asabar ta zagayo, na koma tsakiya. Wannan karon wayar ta ja ni kamar akuya ta hango ganye. Zagaye goma sha ɗaya na yi, duniya na juya mini, mai ya ƙare, jirgi ya sauka lafiya a kan tayoyinsa, ni kuma na sauka a kan mazaunaina.

Fili ya ɗauki tafi. Na miƙe ina kaɗe wando, na gyara murya, na juya in amsa. Sai na ga duk sun yi wajen Kyaftin, suna ba shi hannu.

"Jirgin Yaya ne, shi ya yi shi," yake ta faɗi, babu mai saurare.

Muryar matata ce ta fi ta kowa fitowa: "Kai, Kyaftin! Har wannan ka iya koya wa?"